Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, direbobi da 'yan kamasho, da baƙinmu da suka tsallako daga Jibiya da Katsina da Kano zuwa nan Maraɗi, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na raye kuma Allah Ya ƙara musu lafiya.

Shugabanni sun umarce ni in yi magana kan tsarin gari da sufuri. A rediyo muna yawan jin mahukunta suna cewa za su gina birnin zamani mai ɗorewa, inda na'ura za ta riƙa tsara zirga-zirga. Wani zai ce wannan zancen injiniyoyi ne, ina ruwan mai saye da sayarwa? To, ruwanmu ne da tsaki. Inda aka ajiye tasha, da inda aka bi da kwalta, da inda aka haƙa magudanar ruwa, su ne ke yanke ko buhun wake zai isa Dawanau a kwana ɗaya ko a kwana huɗu. Kuma a yanzu haka ana zana waɗannan abubuwa, mu kuwa ba ma wurin.

Bari in fara da jirgin ƙasa. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sannan ya shigo wajenmu. Wato dai hanyar da iyayenmu fatake suka bi da jakuna da raƙuma, ita ce za a shimfiɗa wa ƙarfe. A can Kano kuma an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki cikin Janairun 2023, inda za a iya gama takardun kwantena ba sai an je bakin teku ba.

Wannan abin murna ne, amma akwai abu biyu da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe. Na ɗaya, sabon layin mai faɗi ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan. Tsohon layin da ya iso Kano tun 1911 matsattse ne, jirgin wannan ba ya hawa wancan. Muddin ba a haɗa Ibadan da Abuja, da Kaduna da Kano, da sabon layi ba, kayan da suka taso daga teku sai an sauke an sake lodi a hanya, kuma kowane sauke-lodi kuɗi ne da lokaci da ɓarna. Na biyu, mun ga abin da ya faru a ƙasarmu. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, an yi bikin buɗewa a 2016, amma har yau ba ya jigilar kayan kowa, domin bai haɗu da layin Benin da zai kai shi Kwatano ba. Dogo ba ya amfani shi kaɗai, sai an tsara abin da ke gabansa da abin da ke bayansa.

Abin da ke bayansa kuwa shi ne namu. Jirgi zai tsaya a tasha, ba zai shigo kasuwa ba. Tsakanin tasha da rumfarku wa zai ɗauki kayan? Ta wace hanya tirela za ta bi ba tare da ta ratsa tsakiyar gari, gaban makarantu da asibiti ba? Ina za ta kwana? Ina sito? Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ko kasuwar Singa da rana ya ga yadda babbar mota ɗaya mai sauke kaya ke tsayar da titi gaba ɗaya. Waɗannan kasuwanni sun girma ne gari ya kewaye su, babu filin da aka ware wa lodi. Mu a nan har yanzu akwai fili a bayan gari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai batun ɗorewa. A wurin ɗan kasuwa ma'anarsa mai sauƙi ce: kada ruwa ko wuta su cinye cikin dare ɗaya abin da ya tara a shekara ashirin. A watan Maris na 2016 gobara ta laƙume dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji masu yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. A 2024 mu ma mun ga abin da ambaliya ta yi wa jihar Maraɗi. Saboda haka idan hukuma ta ce a bar hanyar da motar kashe gobara za ta wuce, ko ta hana kafa rumfa a kan magudana, kada mu zama masu zuwa roƙo a ɗaga ƙafa. Dukiyarmu ake karewa.

Batun na'ura kuma, ga misali daga Legas. Shekara da shekaru tireloli na kwana a kan titi da gada suna jiran shiga tashar Apapa. A Fabrairun 2021 hukumar tashoshin ruwan Najeriya ta kawo tsarin da ake kira Eto: direba ya yi rajista ta waya, ya zauna a garejin da aka amince da shi, sai an kira shi ya taso. Cunkoso ya ragu, ko da yake direbobi sun ci gaba da kokawa kan masu karɓar na goro a hanya. Darasin shi ne, waya ba ta aiki sai da garejin da mota za ta jira, da ma'aikaci mai amana. Haka kuma ba ta aiki sai da wuta. Ba mu manta ba, a Agustan 2023 da aka katse lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, wanda a lokacin shi ne mafi yawan abin da ƙasar nan ke amfani da shi, ofisoshi da yawa sun koma kan janareto. Duk ofishin duwan da za a sa wa kwamfuta, a haɗa masa da wutar hasken rana.

Ga abubuwa huɗu da nake ba da shawara mu kai gaban magajin gari da gwamna da majalisar 'yan kasuwa, a rubuce. Na farko, a ware fili kusa da tashar jirgi domin garejin manyan motoci da sito, da ruwa da makewayi da masallaci da fitila, tare da hanyar da ta zagaye gari. Na biyu, a haɗa binciken duwan na Ɗan Isa da na kwastan na Magama wuri guda, kamar yadda aka gina wa Najeriya da Benin ofishin haɗin gwiwa a Seme a 2018, domin a daina kwance kaya sau biyu. Na uku, a gama magudanan ruwa kafin a raba rumfuna. Na huɗu, a sa masu ƙaramin ƙarfi cikin lissafi: 'yan dako, masu amalanke, 'yan kabu-kabu, masu adaidaita, da iyayenmu mata da ke tsallakawa da buhu ɗaya ko biyu. A Janairun 2013 Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja, dubban mutane suka wayi gari sai sun sake sana'a. Gara a yi shawara da mutum kafin a taɓa abincinsa.

Amma hukuma ba ta aiki da "muna shan wahala". Za ta tambaya: mota nawa, awa nawa, nawa aka kashe? A nan ne muke da rauni. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga 2023 zuwa Maris na 2024. Kowa a zauren nan ya san abin da ya yi asara, amma babu takarda guda da ta tara jimillar. Don haka daga watan gobe ofishin ƙungiya zai buɗe littafi. Duk motar da ta dawo, direba ko mai kaya ya biyo ya faɗa mana: ina aka yi lodi, wane kaya, shinge nawa aka tsaya, awa nawa a iyaka, nawa aka biya da rasit, nawa babu rasit. Ba za mu rubuta sunan kowa ba, kuma littafin ba na haraji ba ne. Wanda ba ya iya zuwa ya turo saƙon murya ta WhatsApp. In Allah Ya kai mu taron baɗi, da wannan lissafin za mu shiga ofis.

Gargaɗi ɗaya kafin in zauna. An fara yawo da zancen filaye, ana cewa nan tasha za ta zauna. Kada kowa ya ba da kuɗinsa sai ya ga taswirar hukuma da takardar fili ta gaskiya, kuma ya je wurin da damina ya ga inda ruwa ke kwanciya.

Ina roƙon shugaba da dattawa su naɗa mutum biyar yau ɗin nan, a sa mace da direba a cikinsu, su riƙe wannan magana har ta kai inda ake zane.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mana hanya, Ya zaunar da Nijar da Najeriya lafiya.