Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya (1944–1995) da Amanar da Ya Bar Mana



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamanmu, shugabannin rassan ƙungiya na birane, iyaye mata, 'yan'uwa maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun iso gida lafiya.

A bana mun ga ya dace mu keɓe wannan jawabi domin tunawa da wani malami da adabin Hausa ba zai manta da shi ba, wato Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero, Kano, wanda a 2025 ya cika shekara 30 da rasuwa. Daga cikinmu akwai waɗanda suka yi sa'ar zama a gabansa a aji. Akwai kuma mafi yawanmu da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, amma littattafansa suka raine su tun daga firamare. Saboda haka dukkanmu ɗalibansa ne, ko mun sani ko ba mu sani ba.

An haifi Malam a Kano a shekarar 1944, ya kuma yi yawancin rayuwarsa ta aiki a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero. Bai daɗe a duniya ba, domin kuwa shekarunsa ba su wuce 51 ba lokacin da ya koma ga Mahaliccinsa a 1995. Amma abin da ya bari ya fi ƙarfin waɗannan shekaru.

Aikinsa da ya fi shiga gidajen jama'a shi ne Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai shida da suka fara fitowa a farkon shekarun 1970. Haƙiƙa ba shi ne na farko da ya tattara tatsuniyoyin Hausa a takarda ba. Tun tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga manyan littattafai uku na tatsuniyoyi da labarai. Sai dai waɗancan an buga su ne a ƙasar waje, kuma masu nazari da Turawa masu koyon Hausa suka fi cin moriyarsu. Shi kuwa Malam Ibrahim ya tsara nasa ne domin yaron Bahaushe da ke aji, cikin daidaitaccen rubutu, ta yadda Gizo da Ƙoƙi da Botorami suka baro ɗakin kaka suka shiga makaranta da mutuncinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da wasu ke ganin tatsuniya shirmen mata da yara ce kawai.

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta Labarun Gargajiya, ya kuma mayar da ɗaya daga cikin wasannin Shakespeare zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu, wanda ya nuna cewa harshenmu na iya ɗaukar adabin kowace al'umma. Bincikensa na digirin digirgir kuwa ya ta'allaƙa ne a kan yadda adabin baka ke tarbiyyantar da ɗan Bahaushe tun daga ƙuruciya har ya zama cikakken mutum a cikin jama'a. Ma'ana, a wurinsa tatsuniya makaranta ce: a cikinta yaro ke fara sanin ƙarshen maƙaryaci, da sakamakon haƙurin marainiya, da illar kwaɗayi.

A 1988 ya fitar da babban littafinsa, Hausa a Rubuce: Tarihin Rubuce-rubuce Cikin Hausa, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga. A ciki ya bi sawun rubutun Hausa tun daga ajami da waƙoƙin malaman jihadi, zuwa shigowar boko, da gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, da kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, har zuwa marubutan zamaninsa. Da wuya a sami ɗalibin Hausa a jami'a ko kwalejin ilimi da ya gama karatu bai buɗe wannan littafi ba.

To, 'yan'uwa, ina abin ya shafe mu? Yawancinmu muna zaune ne a Legas da Abuja da Fatakwal da Kaduna da sauran birane. 'Ya'yanmu sun tashi nesa da kakanninsu, babu dandali, babu hirar dare a tsakar gida. Da yawa daga cikinsu ba su san langa ko gaɗa ba, ba su taɓa amsa kacici-kacici ba, wasu ma Hausar tana yi musu nauyi a baka. A gida kuma, tsofaffin da suka riƙe tatsuniyoyin garinmu, da kirarin sarakunanmu, da waƙoƙin daka da na niƙa, da tarihin unguwanni da rijiyoyi, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tattara abin da hannunsa ya kai, amma ba zai yiwu mutum ɗaya ya shiga kowane gari ba. Na garinmu, in ba mu muka adana ba, babu mai adana mana.

Saboda haka muna kawo shawarwari uku. Na farko, duk wanda ya zo gida hutun salla ya zauna da tsoho ko tsohuwar gidansu, ya nemi izininsu, ya naɗi muryarsu da wayarsa. Ya rubuta sunan mai bayarwa da unguwa da ranar da aka ɗauka, kuma kada ya gyara musu karin harshe, domin shi ma dukiya ne. Na biyu, kwamitin ilimi ya karɓi waɗannan muryoyi, ya sa malaman Hausa na makarantunmu su rubuta su, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Na uku, kowane reshe ya ɗauki nauyin samar wa makaranta guda littattafan Malam, kowane magidanci kuma ya ajiye ko da ɗaya ne a gidansa, ya riƙa karanta wa yara.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Amma yabon da ya fi dacewa da malami shi ne ɗalibansa su ci gaba da aikinsa. Muna fatan idan Allah ya kai mu taron baɗi, kowane reshe zai zo da abin da ya tattaro.

Allah ya jiƙan Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, ya gafarta masa, ya sa ilimin da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana. Allah ya albarkaci zuriyarsa, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.