Tiyatar tsakuwar ƙoda: aiki bai ƙare ba sai an zare robar

 Yau mun ajiye siyasa gefe, maganar ƙoda za mu yi, kuma akwai dalili.

Wani abokina direban adaidaita sahu ne. Wuni yake a rana, ruwa kuma ba ya sha sosai don kar fitsari ya riƙa tsayar da shi. Wata rana ciwo ya murɗe shi a kwiɓi har da amai. Hoto ya nuna tsakuwa ta toshe bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Aka yi masa aiki ba yanka, washegari ya koma gida yana murna. Bayan wata takwas sai ga zazzaɓi, ga jini a fitsari. Ashe akwai wata siririyar roba da aka bari a ciki, wadda ya kamata a zare tuntuni. Shi dai ya ce bai san da ita ba.

To bari mu bi abin daki-daki. Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba, yawanci da kanta take fita. Wadda ta maƙale ita ce ake bi da na'ura, kuma hanyoyin bin ta cikin jiki biyu ne.

Ta farko, ana bi ta hanyar fitsari. Bayan an sa mutum barci, likita zai zura wani siririn bututu mai kyamara da fitila, ya wuce mafitsara ya hau sama. Akwai miƙaƙƙe, wanda ya fi dacewa da tsakuwar da ke ƙasa-ƙasa. Akwai mai lanƙwasa, wanda ke shiga lungunan ƙoda. In an ga tsakuwar, sai a harba mata hasken lesa ta cikin wani zare, ta farfashe ko ta zama gari. Gutsattsarin kuma a kamo su da wani ɗan kwando na waya.

Ta biyu, ana huda fatar baya ne, rami kamar santimita 1, a shiga ƙodar kai tsaye. Wasu likitoci biyu a Suwidin, Fernström da Johansson, suka fara bayyana wannan hanya a 1976. Ita aka fi zaɓa in tsakuwa ta wuce santimita 2. Ta fi kwashe babbar tsakuwa a zama ɗaya, amma haɗarin zubar jini ya fi yawa, kuma an fi daɗewa a asibiti.

Shi ya sa in ka ji an ce "da lesa muke yi", kar ka ɗauka magana ta ƙare. Girman tsakuwar da inda take su ne ke zaɓar kayan aiki. Babbar tsakuwa in aka bi ta da siririn bututu, ana iya komawa sau biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa.

Yanzu robar nan. Sitent ake ce mata. Ana sa ta ne don fitsari ya samu hanya kafin kumburi ya saɓe. Tana iya sa yawan fitsari da ɗan zafi, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta wucin gadi ce, galibi kwanaki ko 'yan makonni. In ta daɗe, gishirin fitsari ya manne mata, ta koma tsakuwa ita ma, ƙwayoyin cuta su samu mazauni, har ƙodar tana iya lalacewa. Abokina sai da aka sake yi masa aiki, wanda ya fi na farko wahala da tsada.

Saboda haka in kai ne, ko kai ke jinyar Baba ko Umma, yi waɗannan tambayoyi, ba rashin kunya ba ne. Milimita nawa ce tsakuwar, kuma a ina take? Me ya sa aka zaɓi wannan hanya? An gwada fitsari don ganin ko akwai ƙwayoyin cuta kafin aikin? An bar roba a ciki? Yaushe za a zare ta? A rubuta maka ranar a takarda, ka sa ta a wayarka. Sannan ka tambayi ranar hoton da zai tabbatar babu saura.

In zazzaɓi da rawar ɗari suka biyo bayan aikin, ko suka haɗu da ciwon kwiɓi, a tafi asibiti a daren, kar a jira gari ya waye.

Tsakuwa tana dawowa, don haka a sha ruwa har fitsari ya yi fari, a rage gishiri, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ku tura wa duk wanda kuka san an yi masa wannan aiki, ku tambaye shi ko an zare tasa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.