Gudun Mota A Hanyar Samaru

 

Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne gudun mota. Na sani da yawa a cikinku za su ce, "Mu ina ruwanmu? Ba mu da mota, ba mu kuwa iya tuƙi ba." To, ku yi haƙuri ku saurara, gama maganar ta fi shafarku bisa ga masu motar. Da wanda ke zaune bayan direba, da wanda ke ƙetare titi ɗauke da buhu, da wanda ya aiki ɗansa sayen gishiri a ɗaya hayin, dukansu sun ba mai riƙe da sitiyari amanar ransu, ko sun sani ko ba su sani ba.

Bari mu fara da hanyar tamu. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, shi ne sanadin kafuwar Sabon Gari. A 1922 aka buɗe gonar gwaji ta Gwamnati a Samaru, sa'an nan wurin duk daji ne da gonaki. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, mutane suka yi ta zuwa suna gini, har ya zama daga Kwangila zuwa Hanwa, zuwa Palladan, zuwa Zango, zuwa Samaru, da wuya ka ga inda wata unguwa ta ƙare wata ta fara. Amma fa hanyar ba ta daina zama hanyar Sakkwato ba. Manyan motocin da ke tasowa daga Gusau da Funtuwa da shanu da hatsi da albasa, ta nan su ke bi. Watau hanya guda ce ta ke aiki biyu. Ga baƙo mai dogon zango babbar hanya ce, yana so ya wuce da sauri. Ga mutumin Samaru kuwa ƙofar gida ce, nan kasuwarsa ta ke, nan ɗansa ke bi zuwa makaranta.

Doka ta ce cikin gari kada ƙaramar mota ko motar haya ta wuce kilomita 50 a awa. Mai yiwuwa wani ya ce ai Gwamnati ce kawai ta ga dama ta faɗi haka. A'a, akwai lissafi a ciki, tun da kuwa kun fara koyon lissafi, sai mu yi shi tare.

Mita ɗaya misalin babban takun namiji ce. Sakan ɗaya kuwa gwargwadon ka ce "salamu alaikum" ne. To, in direba ya hango abu a gabansa, kafin idonsa ya gaya wa zuciyarsa, zuciyarsa ta gaya wa ƙafarsa, ƙafar ta sauka bisa burki, sakan ɗaya ya wuce. Wannan direban kirki ke nan, wanda ba ya gyangyaɗi, ba ya kuma riƙe da waya. Cikin wannan sakan, motar da ke gudun 50 ta ci mita 14 ba a ko taɓa burki ba. In an taka, burkin kuwa mai kyau ne, kwalta busasshiya, za ta ƙara cin wajen mita 14 kafin ta tsaya. Jimla 28. Mai gudun 80 fa? Sakan ɗinsa na fari mita 22 ne, burkinsa kuma sai ya ja wajen mita 36. Jimla 58.

Yanzu ku ɗauka yaro ya ɓullo daga bayan wata motar da ke tsaye, mita 30 gaba gare su. Mai gudun 50 zai tsaya saura taku biyu, ya leƙo ya yi wa yaron faɗa, kowa ya kama gabansa. Mai gudun 80 kuwa, sa'ad da zai iso inda yaron ya ke, motarsa tana bisa gudun kusan kilomita 70 tukuna. Duk su biyu sun ga yaron a lokaci guda, duk sun taka burki a lokaci guda, ba wanda ya fi wani iya tuƙi. Abin da ya raba su an riga an yanke shi tun can baya, tun sa'ad da ɗayan ya danna totur.

Wani abu kuma da mutane ba su lura da shi ba: in gudu ya ninka, ƙarfin karo ba ninki biyu ya ke yi ba, huɗu ya ke yi. Karo a gudun 50 daidai ya ke da faɗowa daga saman bene mai hawa uku. Karo a gudun 100 kuwa kamar a ɗora irin benen nan huɗu ne bisa juna, a jeho mutum daga can ƙoli.

To, me a ke samu da wannan kasada? A ce tafiyar kilomita 10 ce. Mai gudun 50 zai yi ta a minti 12, mai gudun 80 a minti 7 da rabi. Ribar duka minti 4 da rabi ce, in ma an sami hanya fayau, abin da ba a samu tsakanin PZ da kasuwar Samaru. Sau nawa kuka ga wanda ya wuce ku fuu kamar iska, kuka zo Kwangila kuka tarad da shi tsaye cikin cunkoso yana fifita?

Akwai ƙasashen da a ke tseren mota don wasa da neman kuɗi, samarinmu kuwa suna kallo a talabijin da waya, abin yana burge su. Ya kamata ku ji yadda abin ya ke tun daga tushe, gama ba yadda yaran suka ɗauke shi ya ke ba.

Ran 11 ga Yuni 1955 ana wani babban tsere a garin Le Mans na ƙasar Faransa, sai motar wani direba mai suna Pierre Levegh ta hau bayan wata, ta tashi sama, ta tarwatse cikin 'yan kallo. Shi ya mutu, mutum fiye da 80 suka mutu tare da shi. Kamfanin Mercedes da ya ƙera motar ya janye daga tsere a ƙarshen shekarar, ya yi shekaru masu yawa bai komo ba. Ran 1 ga Mayu 1994 kuma, a Imola ta ƙasar Italiya, Ayrton Senna mutumin Burazil ya bugi katanga a wata kwana ya mutu, yana da shekara 34. Sau uku yana zama zakaran duniya. In da iya tuƙi yana hana haɗari, da ba shi ba.

Masu shirya tseren ba su ce tsautsayi ne suka shafa fatiha suka tashi ba. Kowane haɗari sai sun zauna sun bi diddiginsa, sun sake ƙirar mota, sun gyara kwana, sun matsar da 'yan kallo baya. Ga abin da wannan ya haifar. A watan Nuwamba 2020, a ƙasar Bahrain, motar Romain Grosjean ta soki shingen ƙarfe tana gudun fiye da kilomita 190, ta rabe biyu, ta kama wuta. Mutumin ya yi kusan rabin minti cikin wutar, sa'an nan ya fito da ƙafarsa, hannuwansa ne suka ƙuna. Me ya fid da shi? An ɗaure shi tam a kujera, kansa da hular kwano, jikinsa da tufafin da wuta ba ta ci da wuri, bisa kansa da wani baka na ƙarfe mai tare duka. Motar likita tana biye da su, ta iso nan take, masu kashe gobara suna tsaye a gefe. Filin kuwa a killace ya ke, kowa gaba guda ya nufa, ba akuya, ba mai tura baro, ba yaro.

To, yaron da ke wasan mota ran rakiyar amarya, yana juya ta tana ƙara tana hayaƙi, abokansa zaune bisa taga suna ihu, wanne ya ke da shi cikin waɗannan? Ko ɗaya. Gudun kaɗai ya aro, ya bar shirin a can. Haka direbobin haya biyu da suka hango fasinja guda a bakin hanya suka shiga rige-rige, tsere su ke yi, sai dai ba su nemi yardar mutanen da suka ɗauko ba. Ni a ganina na biyun nan ya fi muni, gama kullum ne, mun kuwa saba da shi har mun daina gani.

Wani zai ce ai mu ma muna da sukuwa, ran hawan salla mahaya suna sakin linzami a ƙofar fadar Zazzau, ba wanda ya ce laifi ne. Gaskiya ne. Amma ku tuna, kafin a yi sukuwa sai dogarai sun buɗe fili, jama'a sun ja da baya. Doki kuma yana da ido, yana da tsoro, yana son ransa, sau da yawa shi da kansa zai kauce wa abin da mahayinsa bai gani ba. Mota ba ta da ko ɗaya. Inda aka nufe ta nan za ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hanyoyin duniya, kuma tsakanin ɗan shekara 5 zuwa ɗan shekara 29 ba cutar da ke kashe su kamar haɗarin hanya. Mu nan ba sai an kawo mana labari daga nesa ba. Ran 31 ga Mayu 2025 wata babbar mota ɗauke da 'yan wasan Jihar Kano, suna komowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun, ta faɗa daga kan gada a hanyar Zariya zuwa Kano, wajen Ciromawa. Fiye da mutum 20 suka rasu, saura kaɗan su isa gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mai yiwuwa gajiya ce da gudu, bayan doguwar tafiyar dare. Allah ya ji ƙansu.

Na san maganar da a kan yi in an kai nan, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban zo jayayya da wannan ba. Amma ban taɓa ganin manomin da ya ƙi yin shinge, awaki suka cinye masa rogo, ya ce rabo ne, maƙwabta suka yaba hankalinsa ba. Wanda ya ga tayarsa ta suɗe kamar tafin hannu, ya san burkinsa sai an taka sau uku, ya kwana biyu bai runtsa ba sai goro da ƙwaya, sa'an nan ya ɗebi mutane, ba shi da bakin kiran ƙaddara.

Gwamnati ta yi nata gwargwado. A 1972 aka sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama don mu daidaita da maƙwabtanmu. A 1986 aka kafa makarantar koyon sha'anin sufuri nan hanyar Basawa. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na fari. Daga 2003 aka tilasta ɗaura bel, daga 2009 aka tilasta wa masu babur hular kwano. Amma ma'aikacin hukuma yana tsaye wuri guda ne, da an wuce shi an wuce. Wanda ke cikin motar tun daga tasha har inda za a sauka, kai ne.

Don haka ga abin da na ke roƙonku. In kun shiga mota direba ya fara gudun da hankalinku bai kwanta da shi ba, ku yi magana. Na san abin da ke hana mu: kunya, da gudun kada a ce matsoraci, ko wani daga baya ya ce, "Malam, in kana tsoro ka sayi taka." Ku bar shi ya faɗa. Ba a kuwa bukatar zagi, gama direban da aka zaga ƙara wuta ya ke yi don ya nuna shi ma namiji ne. Ka ce masa, "Direba, don Allah sassauta, muna da iyali." In kai na kusa ne ka ji wani ya faɗi haka, kada ka yi shiru ka bar shi shi kaɗai, ka ce, "Gaskiya ya faɗa." Direba yana iya raina mutum guda, amma da wuya ya raina uku. In ya ƙi ji, a sauke ka. Kuɗin motar da ka yi asara bai kai na kwana guda a asibitin Shika ba. Kada kuma mu zama mu ne masu zuga shi, muna cewa mun makara, alhali mu muka yi nawa a gida.

Mai zama gaba ya ɗaura bel, ko ba ma'aikaci a hanya. An auna an ga yana rage mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Mai tafiya ƙasa da dare, inda ba wurin masu ƙafa, ya bi gefen da zai fuskanci motocin da ke zuwa, ya sa tufa mai haske in da hali, gama kai kana ganin fitilar mota tun daga nesa, shi kuwa direba ba ya ganinka sai ya zo kusa. Yaro ƙarami kada a aike shi ƙetaren titi, ko da wayonsa, don bai iya auna saurin abin da ke tahowa ba tukuna.

In kuwa Allah ya sa kun tarad da haɗari, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, ku rubuta ta a bangon littafin nan tun yanzu. A fara sa wani ya tsaya can nesa yana tsai da motoci, kada wata ta zo ta hau kan masu taimako. Wanda ke zub da jini a danne wurin da tsumma mai tsabta, a riƙe. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a fizgo shi ta hannu da ƙafa, sai in wuta ce ke zuwa, a nemi katako ko ƙyaure a kwantar da shi a miƙe, wani ya riƙe kansa. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. In tankar mai ce ta faɗi, ku yi nesa da ita, ku kori yara. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, mutum fiye da 150 suka ƙone, yawancinsu ba a cikin motar su ke ba, sun zo ɗiban mai ne da bokiti.