Inda ido ya duba, nan keke yake zuwa

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, barkanku da ƙoƙari. Yau daga Matamaye, cikin jihar Damagaram, nake yi muku magana. Zan ba ku labarin faɗuwar da na yi da keke, da abin da na koya cikinta.

Kun san godaben da ya taso daga Takeita, ya ratsa Matamaye, ya nufi Ɗan Barto bakin iyakar Najeriya. Shi nake bi, sannan in sauka hanyar rairayi zuwa ƙauyen da nake karantarwa. Ran nan da la'asar na ɗaura alli da littattafai bayan keke. Na kai daidai wani lambun rake, sai wani aboki ya ƙwala mini kira. Na waiwaya, na ɗaga hannu ina gaisuwa, ƙafa kuwa tana ta tuƙi. Ƙafar keken ta gaba ta nutse cikin rairayi. Sai ga ni a ƙasa, na dafa da hannun dama. Ƙashi ya karye dab da wuyan hannu.

Keke bai yi laifi ba, abokina ma bai yi ba. Ni ne na raba hankalina biyu. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

A asibiti aka ɗora hannun, aka sa masa ɗauri mai tauri. Likita ya ce ƙashin babban mutum yakan yi kamar sati 6 kafin ya haɗe. Ya gargaɗe ni da magana guda, ku ma ku riƙe ta. Idan yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko mutum ya daina jin su, to ɗaurin ya matse, jini ba ya wucewa. A koma wurin likita a ranar, kada a kwana. Ko mai ɗorin gida ne ya ɗaure, maganar ɗaya ce.

To, ga malami ba hannun rubutu. Ban so a rufe aji ba, domin damina na gabatowa, kowa zai tafi gona. Sai na kama alli da hagu. Jama'a, na sha mamaki. Harafin ɗ ya karkace, ƙugiyar ƙ ta juya baya, ɗalibai suna ta dariya. Wani dattijo ya ce, "Malam, yau ka ɗanɗana abin da muke sha." Gaskiya ya faɗa. Da can nakan ƙosa idan mutum ya daɗe kan harafi ɗaya. Yanzu na daina.

Na kuma lura da wani abu. Duk sa'ad da na sa ido kan allo kaɗai, harafi yakan fito daidai. Da na soma tunanin masu dariya, sai ya lalace.

Haka na gani wajen salla. Na tambayi limaminmu yadda zan yi alwala. Ya ce addini ya sauƙaƙa, in wanke inda ruwa ba ya cutarwa, in shafa bisa ɗaurin. Da yake ba na iya gaggawa, sai na riƙa yin kome a hankali. Nan na gane sau da yawa nakan tsaya gaban Ubangiji, jiki yana masallaci, zuciya tana kasuwa tana cinikin awaki. Ashe waiwayen da ya kayar da ni kan hanya, kullum ina yin irinsa cikin salla ban sani ba. Ciwon nan jarrabawa ce, na kuwa gode wa Allah da ya tunatar da ni da karayar hannu kawai.

Bayan an kwance ɗauri, hannun ya yi tauri. Kullum safe ina motsa yatsu, ina matsa ƙwallon tsumma, kaɗan kaɗan, har ya saki. Ran da na sake hawa keke gabana ya faɗi, amma na sa ido kan hanya, na isa lafiya.

Ƴan'uwa, karatu ma haka yake. Idan ka shigo aji, ka bar zancen gona da bashi a bakin ƙofa, za ka tarar da su in ka fita. Kada ka dubi allon na kusa da kai ka ce ya fi ka. Dubi naka. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu keke, ku duba birki da iskar taya kafin ku tashi. In za ku gaisa, ku tsaya tukuna.

Aikin wannan sati, kowa ya rubuta kalmomi 3 a allonsa: keke, ƙashi, haƙuri. Ku kula da bambancin k da ƙ.

Allah ya kiyaye mu a kan hanya. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.