Kuɗin Gwamnati a Idon Talaka

Jawabin da aka gabatar a Makon Ƙungiyar Ɗalibai



Abin da muka zo tattaunawa a yau shi ne yadda jama'ar ƙasar nan ke kallon kuɗin gwamnati da hanyoyin da ake kashe su. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, saboda haka ya kamata mu fara bin sawun al'amarin tun daga tushensa.

A zamanin En'e, talaka ya san inda kuɗin hukuma ke fitowa, domin kuwa daga aljihunsa suke fita. Dagaci ke tara haraji, Bafulatani ya biya jangali, a kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Daga nan ake biyan malamin elementare da ɗan doka da ma'aikacin ɗakin shan magani. An yi zalunci mai yawa wajen tara wannan haraji, har wasu suka riƙa gudun hijira saboda shi, shi ya sa jama'a suka yi murna da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Amma duk da haka, wanda ya sayar da damin gero ya karɓo rasit ya san cewa yana da haƙƙi a cikin baitulmali.

Man fetur ne ya sauya wannan tunani. An gano shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, farashinsa kuma ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Sai ga ƙarin albashin Udoji na 1974, sai ga jiragen siminti da suka cunkushe tashar ruwan Ikko a 1975, sai ga bikin FESTAC a 1977. Kuɗi suka zama abin da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa, a can nesa, ba tare da gumin manomi ba. A 1978 da aka ƙara wa ɗalibai kwabo 50 a kuɗin abincinsu na yini, 'yan'uwanmu na wancan lokaci suka yi zanga-zanga, har aka rasa rayuka a Ikko da Zariya. Hujjarsu ita ce gwamnatin da ta iya wancan biki ba ta da bakin cewa ba ta da kuɗi.

Daga wannan tarihi aka gaji ra'ayoyi uku. Na farko shi ne dukiyar gwamnati ba ta da mai ita. Mutumin da ba zai taɓa akuyar maƙwabcinsa ba yana iya cire wayar lantarki ko ya tsiyaye man motar ofis, kuma ya kwana lafiya. Na biyu shi ne ɗaukar aikin gwamnati a matsayin kyauta. In an haƙa rijiyar burtsatse sai a ce gwamna ya taimaka mana, a yi kiɗa, a yi godiya, alhali kuwa amana ce ya sauke. Na uku shi ne yanke ƙauna, watau a ce duk sacewa ake yi, don haka babu amfanin tambaya. Wannan ya fi sauran haɗari, domin shi ne abin da ɓarawon biro ya fi so.

Ba za mu ce jama'a ba su da hujja ba. Masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, wadda aka fara a 1979, har yau ba ta cika burin da aka kafa ta dominsa ba. A Janairun 2012 da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, mutane suka fito kan tituna har aka mayar da ita 97, kuma babban dalilinsu shi ne rashin yarda cewa rarar za ta dawo gare su. Wannan tambaya ta sake tasowa bayan an sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Sai dai kuma ma'aunin jama'a yana da nasa rauni, domin gani ya kori ji. Har yanzu dattawa na ambaton asusun PTF, wanda aka kafa a 1994 aka rushe a 1999, saboda sun ga allunansa a bakin hanyoyi da tambarinsa a kan magunguna. 'Yan siyasa sun fahimci haka, shi ya sa suka fi son gada da ƙofar gari a kan albashin malamai da gyaran famfo da sayen alli, tun da waɗannan ba a yanka musu zare. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin mun fi yi wa gini tafi, to gini za a ci gaba da ba mu, ko da babu likita a cikinsa.

Gaskiyar magana ita ce kuɗin nan namu ne. Wanda ya sayi katin waya ya biya harajin kayayyaki, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020. Ma'aikaci kuwa ana yankar nasa tun kafin albashi ya kai hannunsa. Kowane wata ana raba Asusun Tarayya: kashi 52.68 na gwamnatin tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi 774. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Mu tambayi kanmu, mutum nawa ne a zauren nan ya san abin da ƙaramar hukumarsa ta karɓa a watan jiya?

A nan ne aikinmu yake. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar tarayya neman bayani, ta kuma wajabta a amsa masa cikin kwana bakwai. Mu nemi kasafin kuɗin jiharmu da rahoton babban mai binciken kuɗi, mu karanta, mu fassara wa iyayenmu da Hausa idan mun koma hutu. Mu kwatanta abin da aka rubuta da abin da ke tsaye a ƙauyenmu.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu shiga aikin gwamnati, ku tuna cewa babu kuɗin da ke fita daga baitulmali sai da sa hannun wani ma'aikaci a kan takardar biya. Ranar da aka ajiye muku takardar aikin da ba a yi ba, alƙalaminku ne zai nuna ko talaka ya yi gaskiya da ya yanke ƙauna.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana.