Mu da 'Yan'uwanmu na Nijar: Zumunci, Fatauci da Kuɗin Fito

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu a Shadawanka, Bauchi)



Mai girma shugaban wannan taro, masu unguwanni, malamanmu, dattawa iyayen ƙungiya, iyayenmu mata da ke zaune can gefe, da samarin da suka sha wahalar jera kujeru tun da hantsi, muna yi wa kowa barka da zuwa. Shugabanni sun ɗora mana nauyin mu ce wani abu game da halin da fatauci ya shiga tsakaninmu da Jumhuriyar Nijar. Da aka kawo maganar sai da wani ya ce, to mu ina ruwanmu, tun da Jihar Bauchi ba ta yi iyaka da Nijar ba? Ya yi gaskiya, ba ta yi ba. Jihohi 7 ne suka yi: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Amma a dubi zauren nan mana.

Mu nan yawancinmu zuwa muka yi. Wani aikin soja ne ya kawo mahaifinsa bariki, ya yi ritaya ya zauna. Wani cin rani ya zo, ya ga wuri ya kafa tireda. Wani shanu ya biyo. Akwai Kanawa, akwai Katsinawa da Daurawa da Gumalawa, akwai kuma waɗanda kakanninsu ke kwance a Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Da za a ce duk mai suruki ko kawu ko abokin ciniki a tsallaken iyaka ya ɗaga hannu, ba ma jin hannuwan za su yi kaɗan. Ragon layyar da muke tayawa, sau da yawa ta kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya shigo, ya biyo ta Gumel kafin ya iso nan. Haka albasa 'yar Galmi, haka dabino da kanwa da wake. Su kuma daga wajenmu suke samun masara da doya da garin kwaki da siminti da kayan roba. Saboda haka in an tura ƙofa a Jibiya, a kasuwar Muda Lawal ma ana jin ƙarar.

Iyakar nan, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ba kakanninmu ne suka shata ta ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a 1890 daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Garin Maraɗi kuwa sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa shi bayan jihadi, shi ya sa har gobe sarautar garin ake ce mata Sarkin Katsina. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai tafiyar da muke yi daga nan zuwa Jos ba.

Tsofaffin sojojinmu da ke nan sun fi mu sanin cewa lokacin yaƙin basasa Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, alhali Faransa ta karkata ga wancan ɓangaren. A Yamai aka yi wani zama na neman sulhu a 1968. A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa, mai hedkwata a Yamai. Ko a kusa-kusan nan, a watan Maris na 2015, sojojin Nijar da na Cadi ne suka kori Boko Haram daga Damasak, kuma jihar Difa ta sauki 'yan gudun hijirarmu fiye da 100,000. Wannan bashi ne a wuyanmu, kada mu manta da shi.

To, duk da haka, sau uku a rayuwar dattawan nan an rufe iyakar. Na farko a watan Afrilu na 1984, lokacin canjin kuɗi, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai a 1986. Abin ya haɗu da fari, har talakawan Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Na biyu ranar 20 ga Agusta, 2019, da niyyar hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya da Illela suka koma neman mai kamar magani. Ranar 16 ga Disamba, 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, amma Jibiya da Kamba sai a watan Afrilu na 2022.

A nan ya kamata mu yi adalci. Fasa-ƙwauri ba sharri aka yi wa kowa ba, ana yin sa. Shinkafar da ake saukewa a Kwatano, a kewayo da ita ta Gaya da Maraɗi, a shigo da ita ta daji a kan babura, ta daɗe tana karya manoman shinkafarmu. Akwai manoma a cikinmu da suka ga amfanin rufewar, kuma ba za mu ce ƙarya suke yi ba. Sai dai mai babur bai daina bin daji ba, kuɗin hanya kawai ya ƙara. Wanda ya tsaya cik shi ne mai mota da takardunsa cikakku.

Na ukun shi ne wanda ya fi taɓa mu a unguwar nan. Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na can ke ce wa Sedeyawo, ta sa takunkumi. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da suke amfani da ita. Aka shiga maganar yaƙi. Jama'a, mu da muke maƙwabtaka da bariki, muke cin kasuwa ɗaya da matan sojoji, mun san yadda kwanakin nan suka kasance. Gida ɗaya, ɗa yana cikin kaki yana jiran umurni, 'ya tana aure a Damagaram. Uwa ta rasa wanda za ta fara yi wa addu'a. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda da yaƙi ba. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka je Yamai, Malam Muhammadu Sanusi na II ya je ya gana da Janar Abdourahamane Tiani, ayarin malamai ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau ya bi baya. Allah ya kiyaye ba a harba ko harsashi ɗaya ba. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris.

Amma tuwon bai koma yadda aka tuƙa shi ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa tasu ƙungiyar ta ƙasashen Sahel, AES, kuma ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. A ƙarshen watan Maris na 2025 suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shiga ƙasashensu daga waje, har da na Nijeriya. Da ma ECOWAS tana karɓar irin wannan rabin kashi, amma a kan kayan da suka fito daga wajen yankin. Abin da ya sāke shi ne yanzu kayanmu su ma sun zama kayan baƙi. Wannan shi ne harajin da aka yi ta surutu a kansa a rediyo.

Bari mu yi lissafi a fili. Kayan naira miliyan 1, rabin kashi ɗaya cikin ɗari naira 5,000 ne. Duk direban da ke zauren nan ya san abin da yake ajiyewa a shingayen hanya kafin ya ga iyaka ya ninka wannan, kuma ba rasit. A ganinmu harajin ba shi ne babban ciwon ba. Abin da ke karya ɗan kasuwa shi ne dokar da ke faɗowa dare ɗaya. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina. A watan Mayu na 2025, ana dab da babbar salla, ta dakatar da fitar da dabbobi don rago ya yi sauƙi a gida. Wanda ya riga ya ba da kafin alkalami a rugar Buzaye, ya yi yaya? Makiyayin da ya yi wata shida yana ciyar da rago da dusa don kasuwar Kano da Legas, shi ma ya yi yaya? Mu ma fa ba mu da bakin yin ƙorafi sosai, don irin wannan dokar ta dare ɗaya mu muka fara koya musu ita.

Sai maganar canji, wadda ita ce muka fi son a saurara da kyau, domin ita ce ke raba aminai. Dattawa sun ga zamanin da naira ɗaya ke canza sefa fiye da ɗari, ɗan Nijar na rububin naira. A farkon 2023 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 1,500 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Fataucinmu kuwa tun na kakanni a kan amana yake tafiya. Baƙo ya sauka gidan fatoma, fatoma ya ba shi masauki da tuwo, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, ya ɗauki la'adarsa. Babu takarda, sai shaidu da kunya. To a ce Alhaji ya karɓi shanu bashi daga amininsa na Matamai, aka yi ciniki da baki, aka rufe iyaka wata bakwai. Ranar biya, shi yana lissafi da naira, mai shanu yana lissafi da jaka. Kowa yana da gaskiya a bakinsa, kuma tsakanin lissafin biyu akwai kuɗin sa guda ko biyu. Irin wannan shari'a ta sha zuwa gaban dattawan unguwa, kuma abin takaici wani lokaci masu rigimar surukan juna ne. An sasanta kuɗi, amma an daina gaisawa a waya.

Don haka muna roƙon 'yan kasuwarmu, daga yau in za a yi cinikin bashi da na tsallake, a faɗi da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa, a rubuta, ko da ajami ne a bayan kwalin sigari, shaidu biyu su sa hannu. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Kuma in abu ya faru wanda ba laifin kowa ba, kamar rufe iyaka, a yi shawara tun farko yadda za a raba asarar.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta ɓullo a 2023 wadda ba mu ji daɗinta ba. Yara, har da wasu manya, suka riƙa yi wa masu shayi da 'yan ga-ruwa da masu gadi 'yan Nijar gorin wuta, ana cewa ku koma ƙasarku ku kwana a duhu. Haba jama'a! Mu da kanmu baƙi ne a ƙasar Bauchi, aka karɓe mu aka ba mu fili, muka aurar muka aura. Ranar da aka tashi yi mana gorin asali ai mun san zafinsa. Mai shayin nan ba shi ya yi juyin mulki ba, kamar yadda ba mu muka yanke wuta ba.

Game da takardu, lokacin ficewar ƙasashen uku ECOWAS ta ba da sanarwar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu masu tambarinta har sai an ji wata sanarwa. Wannan rangwame ne, ba yarjejeniyar 1979 ba ce, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa izinin kwana 90 ba biza. Jami'an duwan da jandarmomi na can sun ƙara tsanantawa wajen duba takardu. Duk mai niyyar zuwa biki ko ta'aziyya ya tafi da takardar tafiya mai rai, ya kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon, kada ya dogara da labarin bara. Iyayenmu mata musamman, ku da kuka fi mu zirga-zirgar suna da biki, a daina tafiya da katin asibiti a ce ai an san mu.

Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Fabrairu na 2021, za ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wasu a Kudu sun yi ta sukar ta, wai an kai kuɗin Nijeriya ƙasar waje. Mu dai fatanmu a ga jirgi yana ɗaukar albasa, ko shingaye sa ragu.

Ranka ya daɗe shugaba, shawararmu ga ƙungiya ita ce a buɗe littafi wajen magatakarda, duk mai iyali ko abokin ciniki a Nijar ya rubuta garin da unguwar, don in an sāke rufe hanya mu san ta wa za a aika saƙo ko kuɗin magani. A kuma zaɓi dattawa uku, ɗaya daga cikinsu ya kasance mutumin can ne da ya san lissafin jaka da dala, su riƙa zama a kan rigimar bashi kafin ta kai ofishin 'yan sanda. Magatakarda ya ce littafin yana nan a teburin bakin ƙofa, masu fita sa iya farawa tun yau.