Hayaƙin Girki: Ƙofar Fita da Ƙofar Shiga

Yau maganarmu a kan hayaƙin girki ce.

Wanda ya san cikin birnin Kano, kamar su Jakara da Yakasai da Mandawari, ya san gidaje a manne su ke. Iyali sun ƙaru, an yanki tsakar gida an yi ɗakuna, wani wurin ma an rufe ta da kwano. Murhun da ke sarari a dā ya koma cikin ɗan madafi marar taga. Mutanen ƙauye ma su kan shigar da murhu ɗaki da damina. Uwargida tana girki da goyo a baya, su biyu suna shan hayaƙi.

Hayaƙin nan ya kan kawo tari da ciwon ido, da ciwon huhu ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ya kashe mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a shekarar 2020.

To, ina dabara? Ku dubi gwangwanin madara. In an huda shi wuri ɗaya, da ƙyar madara ke fita. In an huda wuri biyu, sai ta zubo, don iska ta sami hanyar shiga. Haka ɗaki ya ke. Hayaƙi ba ya fita sai sabuwar iska ta shigo ta maye gurbinsa. Saboda haka:

1. Maigida, ka sa magini ya buɗe taga can sama bisa murhu, gama hayaƙi sama ya ke tashi.
2. A bar ƙofa a buɗe, ko a huda kafa ƙasa-ƙasa a bangon da ke daura da tagar.
3. Masu hali da suka kafa fankar zuƙe hayaƙi bisa murhun gas, lalle bututunta ya fita waje, a kuma buɗe taga. In an rufe ko'ina, fanka za ta jawo iska ta inda ta samu, ko da warin masai ne.
4. Da hunturu, kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Janareto kuwa waje a ke ajiye shi, nesa da taga.

Gawayi da janareto suna fid da wata iska mai guba, watau kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba a ganinta. Ta kan shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da nauyin barci. In mutanen ɗaki ɗaya suka kamu tare, ku fid da su sarari nan da nan, ku kai su asibiti mafi kusa. Mutanen birni, ga Asibitin Murtala nan kusa da Ƙofar Mata. Kada a ce iskoki ne a tsaya turare, ƙarin hayaƙi ke nan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.